Darasi na 9: Awo da Mudu Ɗaya, Gwajin Saiwoyin Eriyar Tsaye

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. bayyana aikin wayoyin da ake shimfiɗawa a gindin eriyar tsaye;
2. faɗin dalilin da ya sa kunne, ma'aunin S da ma'aunin SWR ba su isa shaida ba;
3. shirya gwajin da abu ɗaya tak ke sauyawa a cikinsa;
4. rubuta sakamako yadda wani zai iya maimaita gwajin ya ga ko gaskiya ne.

Shimfiɗa

Mu fara da misali. Wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya daɗe da lasisin rediyon sha'awa, ya kafa bututun alminiyam mai tsawon mita 10 a filin bayan gidansa, ya shimfiɗa wayoyi huɗu a gindinsa. Ran wata Asabar a ƙarshen bazara, bayan sallar magariba, ya yi magana da wani mutum a Italiya. Mutumin ya ce yana jin sa a kan S5 a ma'aunin ƙarfin sigina. Dattijo bai ji daɗi ba, sai ya kwashe mako guda yana duƙe a rana, ya ƙara wayoyi 12. Ran Laraba ruwan farko ya sauka. Da Asabar ta zagayo, wajen sha ɗayan dare, wani a Jamus ya ba shi S9.

Da safe ya kira ɗan ƙanwarsa, wanda ke koyon aikin a wurinsa.

"Ka gani ko? Daga biyar zuwa tara. Wahalata ba ta faɗi ƙasa banza ba."

"Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. A gafarce ni, wanda ya ji ku makon jiya shi ne ya ji ku daren jiya?"

"A'a. Wancan Italiya, wannan Jamus."

"Lokacin fa, Kawu?"

"Wancan bayan magariba, wannan dare ya yi nisa."

"Ga shi kuma an yi ruwa ran Laraba."

Dattijo ya yi shiru yana shafa gemu, can ya ce, "Wato dai ban san wanda zan gode wa ba ke nan, waya ko ruwan sama."

Kawu bai yi ƙarya ba, mai yiwuwa ma wayoyin sun taimaka. Amma abu biyar ne suka sauya tare: yawan waya, mai sauraro, lokaci, damshin ƙasa, da halin sararin sama. Wanda ya auna gero da mudun Kano yau, gobe ya auna da tiyar wani gari, ba zai ce hatsinsa ya ƙaru ba. Wannan darasi a kan mudu ɗaya yake.

1. Rabin eriya yana ƙasa

Ana samun tsawon zangon rediyo da mita idan aka raba 300 da yawan megahaz. Masu rediyon sha'awa a Afirka da Turai suna da wuri daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, wanda ake kira mita 40. A kan megahaz 7.1 zango ɗaya ya kai kimanin mita 42. Eriyar tsaye da aka fi sani rubu'in zango ce, wato mita 10 da ɗan ɗoriya.

Wutar lantarki ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. Wutar da ta hau bututun dole ta dawo gindinsa, kuma ta cikin ƙasar da ke kewaye take bi. Ƙasa ba jan ƙarfe ba ce. Tana yi wa wuta turjiya, kuma duk inda wuta ta gamu da turjiya wani kaso nata zafi yake zama. Wannan kason ya tafi ke nan, ba wanda zai ji shi a Italiya ko a Jamus.

Shi ya sa ake shimfiɗa wayoyi daga gindin eriya zuwa kowace kusurwa, kamar wayoyin ƙafar keke, don wuta ta sami hanya mai sauƙi ta bar bin ƙasa. A wannan littafi za mu kira su saiwoyi, domin yadda bishiya take haka eriyar tsaye take: ido yana kan abin da ke sama, ƙarfin kuwa yana gindi. Saiwoyi iri uku ne: waɗanda aka binne, waɗanda aka kwantar a kan ƙasa, da waɗanda aka ɗaga a kan turaku.

Kada a haɗa saiwa da sandar ƙarfen da ake kafawa saboda tsawa. Sandar tana da aikinta na kare rai da kaya, amma ita kaɗai ba ta rage asarar zangon rediyo da wani abin kirki.

2. Ɗan lissafi

Eriyar rubu'in zango da ke kan ƙasa marar asara tana nuna turjiya ta kimanin om 36. Wannan turjiya ce mai amfani, domin ita ce ma'aunin ƙarfin da ke fita sarari. Asarar ƙasa kuma kan wannan take hawa. Kason da ya fita shi ne 36 a raba da jimillar biyun.

- Asara om 36: jimilla 72, kashi 50 cikin 100 ne ke fita.
- Asara om 14: jimilla 50, kashi 72 ke fita.
- Asara om 4: jimilla 40, kashi 90 ke fita.

Masu rediyo da desibel suke ƙirga bambancin ƙarfi. Desibel 3 ninki biyu ne, desibel 6 ninki huɗu, desibel 10 ninki goma. Daga kashi 50 zuwa kashi 90 bai wuce desibel biyu da rabi da 'yan kai ba. Daga kashi 72 zuwa 90 kuwa desibel ɗaya ne. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne gishirin darasin: abin da muke farauta ƙarami ne, sau da yawa desibel ɗaya zuwa uku, alhali abubuwan da ke iya ruɗin mu suna kai desibel 10 ko 20.

Gajerar eriya ta fi jin jiki. Idan tsawonta rabin na farkon ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na zango, turjiyarta mai amfani kan sauko zuwa wajen om 7. Asarar om 14 ɗin nan da doguwar eriya ta shanye, ita gajerar sai ta cinye mata kashi biyu cikin uku na ƙarfinta. Saboda haka sakamakon da aka samu da doguwar eriya ba a ɗora shi a kan gajera.

3. Shaidu uku da ba a yanke hukunci da su

*Kunne.* Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kunne ma ya san kima, sai dai kimarsa ba ta kai nan ba. Da ƙyar mutum ke gane bambancin desibel ɗaya, balle a cikin shuu da ƙarar gajeren zango. Ƙari a kan haka, akwatin rediyo yana da dabarar da ke ɗaga sauti in sigina ta yi rauni, ta sauke shi in ta yi ƙarfi. Sannan ga son zuciya: wanda ya sha rana mako guda yana jan waya, kunnensa ya riga ya shirya jin abin da yake so.

*Ma'aunin S.* Bisa ƙa'idar da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, ta ba da shawara a kai, kowace lamba ɗaya ta S desibel 6 ce. Rediyoyi da yawa ba sa bin wannan daidai, kowanne da nasa mudun. Ko da sun bi, daga S5 zuwa S9 desibel 24 ne, wato ninki kusan 250. Wayoyi 12 ba za su ba cikakkiyar eriya wannan ba. Mafi yawan abin da Kawu ya gani daga sama ya zo. Siginar nesa tana dawowa ne daga ayonosfiya, wani rufin iska mai cajin lantarki da ke can sama, kuma wannan rufi ba ya zama wuri ɗaya. Duk mai sauraron gajeren zango ya san yadda murya ke tasowa ta kuma nutse a cikin minti guda ba tare da an taɓa komai ba.

*Ma'aunin SWR.* Wannan ya fi sauran yaudara, saboda lamba yake bayarwa, mutane kuwa suna girmama lamba. Aikinsa kawai ya faɗi ko eriya ta dace da kebur mai om 50. Ku koma lissafin sama. Eriyar da ke asarar om 14 ita ce ke ba da SWR 1.0, wanda ba a fin sa kyau, alhali tana zubar da fiye da rubu'in ƙarfinta a ƙasa. Eriya marar asara ko kaɗan SWR ɗinta wajen 1.4 ne. Wadda ke zubar da rabin ƙarfinta ita ma wajen 1.4 ne. Ashe ma'aunin bai iya raba gwani da rago ba. Sau da yawa mutum kan ƙara saiwoyi, ya ga SWR ya ɗan hau, ya tsorata ya cire su, alhali alamar lafiya ce ya gani.

4. Yadda magabata suka yi

A shekarar 1937 injiniyoyi uku na kamfanin RCA a Amurka, George Brown, R. F. Lewis da J. Epstein, suka buga sakamakon wani gwaji da har yau ake komawa gare shi. Ba su tambayi kowa yadda yake jin su ba. Sun yi aiki a kan megahaz 3, suka binne saiwoyi 2, sannan 15, 30, 60 har 113, masu tsawo dabam-dabam. Kowane karo suna auna ƙarfin da suka zuba wa eriyar, sannan su auna ƙarfin sigina a wuri ɗaya, nisan kusan rabin kilomita. A wannan nisa siginar da ke bin doron ƙasa ce ake aunawa, ba ruwanta da ayonosfiya.

Sun ga cewa idan saiwoyi kaɗan ne, ƙara musu tsawo ba ya ƙara wani abin a zo a gani. Sai suna da yawa tsawo ke biya. Daga irin wannan aiki ne aka sami ƙa'idar saiwoyi 120 masu tsawon rubu'in zango ga tashoshin matsakaicin zango a Amurka. In aka bi wannan ƙa'ida ga tasha mai kilohaz 594, irin zangon da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da shi, kowace saiwa za ta kai mita 126, jimilla fiye da kilomita 15 na waya a binne. Mai rediyon sha'awa ba shi da wannan kuɗi ko wannan fili. Tambayarsa ita ce: da 'yar wayar da ke hannuna, wane tsari ne ya fi?

Wani injiniya mai rediyon sha'awa a jihar Oregon ta Amurka, Rudy Severns, mai lambar kira N6LF, ya ɗauki wannan tambaya. Ya buga gwaje-gwajensa a mujallar QEX a 2009 da QST a 2010. Yawancinsu a mita 40 ya yi su, da na'urar da ke tura sigina ta eriyar gwaji ta kuma auna abin da ya iso wata eriya ta biyu da ke can gefen fili. Abu biyu daga sakamakonsa sun ba mutane mamaki. Na farko, saiwoyi huɗu da ya ɗaga sama da ƙasa da mita ɗaya da 'yan kai sun yi kusan daidai da saiwoyi 64 da ke kwance a ƙasa. Na biyu, lokacin da saiwoyi huɗu kacal ne a kwance, da ya rage musu tsawo sai sigina ta ƙaru, domin kusancin ƙasa yana sauya zangon da waya ke amsawa. Daga baya shi da kansa ya yi gargaɗi cewa 'yan saiwoyin da aka ɗaga ba sa haƙuri da rashin daidaito ko da abin da ke kusa da su, don haka gara a ƙara yawansu. Ba kunne ba ne ya gano waɗannan. Awo ne.

5. Ƙa'idoji shida na gwajin adalci

*Ta ɗaya: a tsayar da tambaya.* "Wanne ya fi?" ba tambaya ba ce tukuna. Idan aka kwatanta saiwoyi 16 da 32 masu tsawo ɗaya, yawa ake tambaya. Idan kuwa waya mita 160 ce da kai, kana son sanin ko ka yanka ta 16 masu mita 10 ko 32 masu mita 5, to rabon waya kake tambaya. A rubuta tambayar kafin a fita fili.

*Ta biyu: abu ɗaya ke sauyawa.* Bututu ɗaya, wuri ɗaya, zango ɗaya, kebur ɗaya a kwance inda yake. Keburin kansa yakan zama ɓoyayyar saiwa, domin wuta na bin bayan rigarsa. Sai a sa masa shinge a gindin eriya, wato a naɗa shi a zoben ferait. Idan ba a yi haka ba, gwajin saiwa huɗu ya zama na biyar.

*Ta uku: ƙarfi ɗaya.* Sauya saiwoyi yana sauya yadda eriya ke karɓar wuta, kuma na'urori da yawa kan rage ƙarfinsu da kansu in SWR ya hau. Kowane karo a sake daidaita eriya, a tabbatar ƙarfin da ya shiga cikinta bai sauya ba.

*Ta huɗu: a san kaifin mudu.* Kafin a kwatanta komai, a auna tsari ɗaya sau goma ba tare da an taɓa shi ba. Idan lambobin suna yawo da rabin desibel, to duk bambancin da bai kai haka ba ba a ganinsa da wannan mudu.

*Ta biyar: a koma mafari.* A auna tsari na farko, a auna na biyu, a dawo a sake auna na farko. Idan lambar farko ta dawo yadda take, awon ya tsaya. Idan ba ta dawo ba, wani abu ya motsa a tsakani: batir ya yi sanyi, ƙasa ta bushe, ko mahaɗi ya saki.

*Ta shida: a maimaita, a cuɗa jeri, a rufe wa mai karatu ido.* Maimaitawa da cuɗa jeri daga gona aka koyo su. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya nuna cewa in za a gwada taki iri biyu, sai an maimaita a fuloti da yawa, an kuma bar ƙuri'a ta zaɓi inda kowanne zai faɗa, don kada ɗaya ya sami gefen gona mai albarka shi kaɗai. Littafinsa a kan tsara gwaji ya fito a 1935. Haka za mu yi: a zagaye na biyu a sauya jerin, kuma mai karanta ma'auni kada ya san tsarin da ke haɗe. A ce masa "karanta" kawai.

6. A fili

A sami fili shimfiɗaɗɗe, nesa da wayoyin lantarki, rufin kwano da shingen waya. Filin ƙwallo ko gona bayan girbi ya isa. Mutum uku ake bukata: mai watsawa, wanda dole ya kasance mai lasisi, mai karatu, da mai rubutu.

A kafa eriyar gwaji a gefe ɗaya. A gefe na biyu, nisan kimanin mita 100, wato fiye da zango biyu, a kafa 'yar gajerar eriyar kamawa a ɗaure ta sosai. Daga nan ba mai taɓa ta sai an tashi. A yi aiki da batir da ƙarfi kaɗan, wat ɗaya ma ya wadatar. A saurara a ga ba kowa a zangon, a faɗi lambar kira, sannan a fara.

Wanda ke da rediyon da ake haɗawa da kwamfuta, mai nuna ƙarfin sigina da desibel, sai ya kashe dabarar daidaita sauti ya karanta lamba. Wanda ba shi da ita, akwai tsohuwar dabara mai kyau. A sa akwatin rage sigina mai maɓallan desibel tsakanin eriyar kamawa da rediyo. A karon farko a danna maɓallai har allura ta tsaya a kan wani layi, a yi masa alama. A kowane karo na gaba a ƙara ko a rage har allura ta dawo kan wannan layi. Bambancin maɓallan shi ne bambancin sigina. Ta haka ko ma'aunin rediyon maƙaryaci ne bai dame mu ba, tunda wuri ɗaya kullum muke tsayar da shi, kamar mai sikeli da ke ƙara duwatsun awo har hannu biyu su daidaita.

A fara da saiwoyi 32, a ja kowace ta miƙe, a danne bakinta da ƙusa. A auna. A cire ɗaya a bar ɗaya, saura 16 a rarrabe daidai. A auna. Haka zuwa 8, zuwa 4, sannan a mayar da 32. Wayar da aka cire kada a bar ta kwance a wurin don an kwance ta daga gindi. Tana nan tana ɗaukar wuta ta iska. A naɗe ta a kai ta can nesa. Lokacin karatu kowa ya koma inda ya tsaya a karon farko, babur da mota su kasance a wajen fili. A jira raɓa ta bushe kafin a fara, a kuma gama zagaye ɗaya cikin awa ɗaya ko biyu.

Ga yadda shafin rajista zai kasance. Lambobin na koyon lissafi ne kawai:

- Saiwa 32: 0.0
- Saiwa 16: ƙasa da 0.4
- Saiwa 8: ƙasa da 1.2
- Saiwa 4: ƙasa da 2.9
- Saiwa 32 kuma: ƙasa da 0.1
- Yawon mudu a awo goma: 0.2

A saman shafin a rubuta kwanan wata, lokaci, zango, tsawon bututu, tsawo da kaurin waya, irin ƙasa, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe. A rubuta har awon da bai yi daɗi ba. Wanda ke zaɓen lambobin da suka yi masa ya zubar da sauran, kansa ya cuta.

7. Jigawa da fadama

Ƙasa ba ɗaya ba ce. Ana auna yadda take ɗaukar wuta da milisimens a kowace mita. Ƙasar da littattafan eriya ke kira matsakaiciya tana da wajen 5, busasshen yashi 1 ko 2, ƙasa mai damshi da taki tana kai 30, ruwan teku kuwa wajen 5,000. Mu nan mun san wannan bambanci da ƙafafunmu. Jigawa a tsakiyar hunturu da fadama a watan Agusta kamar ƙasashe biyu ne, kuma fili ɗaya ma kan sauya hali tsakanin rani da damina. Saboda haka lambar da aka samu a Oregon ba wahayi ba ce ga mai eriya a Damagaram ko Katsina. Hanyar awon za mu ara, lambar kuwa mu nemo tamu, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina.

Akwai kuma abin da saiwa ba ta iya gyarawa. Yadda sigina ke tashi ƙasa-ƙasa ta nufi nesa ya dogara da ƙasar da ke gaba, zanguna da yawa daga eriya. Shi ya sa eriyar bakin teku ke fin ta cikin tudu ko da saiwoyinsu ɗaya. Kwatanta eriyar gidanka da ta abokinka a wani gari ba gwajin saiwa ba ne.

8. In dole sai ta sararin sama

Wani zai ce shi dai nesa yake son gani. Akwai hanya, amma sai da haƙuri. A 2008 Joe Taylor, mai lambar kira K1JT, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar da manhajar WSPR. Tana watsa ɗan saƙo na kusan minti biyu da ƙarfi kaɗan, tashoshin da suka ji su aika rahoto da desibel ta intanet. Don a yi adalci, sai a kafa eriya biyu iri ɗaya nesa da juna, kowace da nata tsarin saiwa, a riƙa karɓa-karɓa kowane minti biyu. A ƙirga tashoshin da suka ji duka biyun kawai, a tara ɗaruruwan rahotanni a fitar da matsakaici. Sannan a musanya saiwoyin tsakanin wuraren biyu a sake, don kada wuri ya ci gasar a yaba wa waya.

9. Tsaro

Kada a kafa bututu inda zai iya faɗawa kan wayar lantarki. Da an ga hadari ko an ji rugugi, a kwantar da eriya a bar fili. Bakin saiwar da aka ɗaga yana ɗaukar wuta mai ƙuna lokacin watsawa, don haka a rufe shi, a kuma ɗaga ta inda yara da dabbobi ba za su kai ba.

Kammalawa

Da Kawu ya bi wannan hanya, da ba zai sami lamba huɗu ta S ba. Desibel biyu ko uku zai gani, wanda bai wuce rabin lamba ɗaya ba. Amma wannan nasa ne, ya san daga inda ya zo, zai kuma same shi gobe ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ya kuma san inda zai tsaya da sayen waya, tunda rajistarsa za ta nuna masa inda ƙari ya daina biyan kuɗinsa.

Sababbin kalmomi

- Saiwa: wayar da ke fita daga gindin eriyar tsaye don dawo da wuta.
- Turjiya: hana wuta wucewa, da om ake auna ta.
- Desibel: ma'aunin ninkin ƙarfi tsakanin sigina biyu.
- Shinge: naɗin kebur a zoben ferait da ke hana wuta bin bayansa.
- Yawon mudu: bambancin da ake samu in an auna abu ɗaya sau da yawa.

Tambayoyi

1. Lissafa abubuwa biyar da suka sauya tsakanin Asabar biyun Kawu.
2. Eriya mai turjiya mai amfani om 36 tana da asarar om 24. Kashi nawa ke fita sarari?
3. Me ya sa SWR 1.0 ba ya nufin eriya ba ta asara?
4. A rajistar misali, shin bambancin saiwa 32 da 16 ya fi yawon mudu? Me za ka ce da bambancin 0.1 ne?
5. Da awon ƙarshe na saiwa 32 ya nuna ƙasa da 1.5, me za ku yi da sauran lambobin?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni yana da waya mita 120 a takarda. Ku zaɓi hanya biyu ta yanka ta, ku rubuta tambayarku a jimla ɗaya, ku jera abubuwan da ba za su sauya ba, ku zana fili da nisansa, ku kuma tsara shafin rajista. A zama na gaba kowane rukuni zai miƙa tsarinsa ga wani rukuni, su kuma su nemo ƙofar da aka bari a buɗe.